Sauya Moton Injin Tsotsar Ƙura na Hannu Mai Batir: Tambayoyi da Amsoshi

Sauya moto a ƙaramin injin tsotsar ƙura aiki ne da mai haƙuri zai iya yi a kan tebur, muddin yana da mita, wato na'urar auna wutar lantarki, da ƙarfen narka dalma. Wahalar ba a kwance sukuru take ba. Tana wajen tabbatar da cewa moton ne ya lalace, da samo wanda ya yi daidai da shi, da gano abin da ya kashe na farkon don kada ya bi ta kan na biyu. Amsoshin nan sun fi ba da ƙarfi a waɗannan wurare uku.

Injina ya daina tashi gaba ɗaya. Moto ne ya mutu?

Ba lallai ba ne, kuma sau da yawa ba shi ba ne. Kafin wuta ta isa moto sai ta bi ta batir, da bod, wato ɗan allon lantarkin da ke kare batir, da makunni, da wayoyi. Kowanne a cikinsu ya samu matsala, injin zai yi shiru kamar moto ya ƙone. A fara da caja: a gwada da mita a ga tana fitar da bolt ɗin da aka rubuta a jikinta. Sannan a duba bakin da batir ke haɗuwa da injin, ko ya yi tsatsa ko ya lanƙwashe. Makunni ma yana cika da ƙura har ya daina haɗa wuta. Kada a sayi moto sai an auna an ga wuta na isa ƙafafunsa amma ya ƙi juyawa.

Yana tashi ya mutu, ya sake tashi ya mutu. Me ke kawo haka?

Wannan alamar toshewa ce ko raunin batir, ba kasafai take nufin moto ba. Injina da yawa, musamman masu moto marar kabon (ƙananan sandunan gawayi da ke kai wuta ga ɓangaren moto mai juyawa), an gina su ne su riƙa yanke wuta idan iska ta daina wucewa. A cire matata, a zubar da shara, a leƙa bututu da haske a ga ko gashi, takarda ko audugar kunne sun tsaya a lungu. Idan aka cire bututu da kan shara injin ya tashi lafiya, toshewar tana can. Za a iya kunna shi ba matata na daƙiƙa biyu ko uku kawai, da kwandon shara wanke tas, don a ji ko matatar ce. Fiye da haka ƙura za ta shiga moto.

Akwai wani abu da ke ruɗin mutane. Idan hanyar iska ta toshe, ƙarar moto tana yin sama, ta zama siririya. Ba wahala yake sha ba a lokacin, nauyin iska ne ya ragu a kan farfela sai gudunsa ya ƙaru. Illar ita ce a yawancin waɗannan injina iskar da ake tsotsa ita ce ke sanyaya moto, to idan ta tsaya zafi ke taruwa.

Yaya ake gwada batir don a wanke shi daga zargi?

A saita mita a kan bolt na wutar batir, a auna bayan an cika caji. Ƙwayar litiyam guda, wato ɗaya daga ƙananan baturan da ke cikin batir, ana rubuta ta bolt 3.6 ko 3.7, amma idan ta cika tana kai 4.2. Saboda haka batir mai ƙwaya 3 da aka rubuta 10.8 ko 11.1 zai nuna kusan 12.6. Mai ƙwaya 4, wato 14.4 ko 14.8, zai nuna 16.8. Mai ƙwaya 5 zai kai 21, mai ƙwaya 6 da aka rubuta 21.6 ko 22.2 kuma zai kai 25.2. Tsofaffin injina masu batirin nikel kowace ƙwaya bolt 1.2 ce.

Wannan awon kaɗai bai isa ba. Batirin da ya gaji yana iya nuna cikakken bolt yana zaune, da an ɗora masa aiki sai ya zube. Don haka a bar mita a haɗe, a danna makunni, a sa ido a kan lambar. Sauka kaɗan daidai ne. Idan kuwa ta faɗi warwas har injin ya yanke, ko dai batirin ya ƙare ko moton yana jan wuta fiye da kima. Abin da zai raba gardama shi ne juya farfela da yatsa bayan an cire batir: idan tana juyawa sumul ba cijewa, an fi zargin batir. Idan aka samu damar auna ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, ƙwaya guda da ta yi ƙasa da sauran sosai ta isa ta sa bod ya yanke wutar duka.

To waɗanne alamu ne ke nuna moton ne da gaske?

Warin ƙonewa mai ɗaci da ke fita ta inda iska ke fita. Ƙarar gurzawa ko kuka mai tsini da ke nan ko an tsabtace komai, wanda yawanci boris ne, wato abin da sandar moto ke juyawa a cikinsa, ya ci. Farfelar da ta cije ko take juyawa da gargada. Sandar moto mai girgiza gefe da gefe idan an kama ta. Tartsatsi mai yawa da ya zagaye tagullar amecha, wato ɓangaren moto mai juyawa, maimakon ɗan ƙyalli ƙarami a bakin kabon. Sai kuma moton da ba ya tashi sai an bubbuga injin ko an ɗan juya farfela da hannu, wanda ke nuna kabon ya ƙare ko wani sashe na amecha ya katse.

A moto mai kabon, da mita ana tabbatarwa. A cire waya ɗaya daga moto, a saita mita a kan om, wato awon yadda waya ke tare wuta, a ɗora a ƙafafun biyu. Moto mai lafiya yana nuna lamba ƙarama ƙwarai, sau da yawa ƙasa da om 2. A juya sandar a hankali ana kallo: lambar za ta ɗan motsa, amma idan a wani wuri ta koma alamar babu haɗi, akwai mataccen wuri. Sannan a auna tsakanin ƙafa ɗaya da gwangwanin moton. Nan bai kamata a sami haɗi ba. A tuna wayoyin mita su kansu suna da ɗan abin da suke ƙarawa, a haɗa bakinsu biyu tukuna a ga nawa ne.

Ta yaya zan san irin moton da ke cikin nawa?

Iri biyu ne. Mai kabon yana kama da gwangwani, waya biyu ke shiga bayansa, ja da baƙa, kuma ana hango tagulla da kabon ta ramukan gefensa. Shi ne a cikin yawancin injina masu sauƙi. Marar kabon kuwa waya uku ke fita daga naɗinsa zuwa bod, kodayake sau da yawa an manne bod ɗin a bayansa, sai a ga wayoyin wuta biyu masu kauri da wasu sirara na ba da umarni. Wannan nau'in gudunsa ya ninka na mai kabon. Moton wasu injinan kamfanin Dyson yana kai juyi 125,000 a minti ɗaya.

Bambancin yana da tasiri a kan aikin. Mai kabon ana iya sayen moton kaɗai a mayar da tsohuwar farfela. Marar kabon an daidaita nauyin farfelarsa da sandarsa tare a masana'anta, don haka dunƙule ake sauya shi: moto, farfela, gida, wani lokaci har da bod. Kada a yi ƙoƙarin raba su. Haka kuma ba a gwada shi ta hanyar jona batir kai tsaye a wayoyinsa uku, ba zai juya ba, naɗin ne zai ƙone. Gwajinsa shi ne a auna om tsakanin wayoyin bibbiyu, awo uku, dukkansu su zo kusan ɗaya.

Me zan duba kafin in sayi sabo?

Mafi sauƙi shi ne lambar samfurin injin, wadda ke kan takardar da aka manna a ƙarƙashinsa ko bayan batir, da lambar da aka buga a jikin moton. Idan an sami mai lamba iri ɗaya, magana ta ƙare. Idan ba a samu ba, sai a dawo ga awo, kuma a nan ake yawan yin asara.

Bolt ya zama daidai da na batir. Faɗin gwangwani da tsawonsa su yi daidai da gurbin. Motocin da ake kira 380 faɗinsu kusan milimita 28 ne, kaurin sandarsu 2.3. Masu lamba 540, 545 da 550 faɗinsu kusan milimita 36 ne, sandarsu 3.17, ramukan sukurunsu biyu na M3 da tazarar milimita 25; tsawo ne ya raba su, 550 ya fi 540. A auna tsawon sandar da ta fito waje, a kuma duba siffarta: mai santsi ce, mai zane-zane ce, an fafe gefe ɗaya, ko mai hawan noti ce. Farfela ba za ta zauna a kan sandar da ba irin tata ba.

Abin da ido ba ya gani shi ne naɗin ciki. Moto biyu za su iya zama 540 dukkansu, bolt ɗaya, amma ɗaya an naɗa shi don gudu, ɗayan don jan nauyi. Na injin tsotsa mai gudu ne. Idan aka sa na jan nauyi zai juya lafiya amma tsotsar ba za ta taka kara ta karya ba. Don haka a kwatanta yawan juyi a minti da wat da mai sayarwa ya rubuta da na tsohon.

Zan iya sa wanda ya fi ƙarfi don tsotsa ta ƙaru?

Ba mu ba da wannan shawara. Lissafin a fili yake: a raba wat da bolt a sami amfa, wato yawan wutar da moto ke ja. Moto mai wat 100 a kan bolt 14.4 yana jan kusan amfa 7. Idan aka sa mai wat 160 a kan batir ɗin nan, an haura amfa 11. Makunni, wayoyi, bod da ƙwayoyin batir duk an zaɓe su ne don adadin farko. Sakamakon shi ne ko bod ya riƙa yankewa, ko makunni ya narke, ko batir ya yi zafi ya mutu da wuri. Farfelar roba ma tana da iyakar gudun da za ta jure kafin ta tsage.

Waɗanne kayan aiki ake buƙata?

Sukurdireba mai kan giciye ƙarami, da masu kan tauraro, galibi T8, T10 da T15. A sami masu dogon wuya domin sukuran suna zurfi cikin rami. Abin ɓamɓare roba, ko tsohon katin roba. Mita. Filaya mai tsinin baki. Ƙarfen narka dalma mai wat 40 zuwa 60, da dalma mai man liƙi a ciki. Robar rufe waya mai tsukewa da zafi. Tef na lantarki, alƙalamin maka, da ɗan burushi busasshe. Gilashin kare ido ya zama dole a lokacin gwaji.

Idan batirin a ciki yake, ba ya cirewa fa?

Da an buɗe gidan, abu na farko shi ne raba batir da sauran injin. Idan filogi ne a zare shi. Idan dalma ce, a cire waya ɗaya, a naɗe bakinta da tef nan take, sannan a taɓa ta biyu. Kada a taɓa yanke wayoyin biyu tare da filaya, bakin filayar zai haɗa su. Batirin litiyam yana iya fitar da amfa masu yawan gaske a ƙiftawar ido, ya mai da waya jawur. A cire zobe da agogon ƙarfe. Ya fi kyau a yi aikin lokacin da batir ba a cike yake ba. Idan aka tarar ƙwaya ta kumbura, ta lotse, ko tana ɗiga, a dakatar da aikin, a fitar da ita wurin da babu abin da zai kama wuta, a kai inda ake karɓar tsofaffin batura.

Yaya ake buɗewa a fitar da moton?

A cire kwandon shara da matata. A nemo dukkan sukurai. Akwai masu ɓuya a ƙarƙashin takardar manne, ƙafar roba, ko marfin ado. Idan gidan ya ƙi rabuwa a wani gefe, kusan kullum akwai sukurun da ya rage, kada a yi masa ƙarfi. A jera sukuran yadda aka ciro su domin tsawonsu ba ɗaya ba ne. A zura abin ɓamɓarewa a layin haɗin a bi shi a hankali har maƙalan su saki.

Kafin a taɓa komai a ɗauki hoto: yadda wayoyi suka bi ta kwatarsu, yadda makunni da sifirin ɗinsa suka zauna, da fuskar da robar moto ke kallo. Moton yawanci yana zaune cikin robobi biyu, ɗaya a gaba mai toshe iska, ɗaya a baya mai shanye girgiza. A ɗaga shi tare da su. A sa alama da maka a kan ƙafar da jar waya ke kai, a kuma zana kibiya a kan farfela da ke nuna inda take juyawa.

Farfela ta ƙi fita daga tsohon moton. Yaya zan yi?

Nan ne aikin ya fi lalacewa, don haka a natsu. Da farko a auna tazarar da ke tsakanin bayan farfela da fuskar moto, ko a lura da yawan sandar da ta leƙo ta gaba, a rubuta. Wannan tazara za a mayar daidai.

Idan noti ne ya riƙe ta, a sani wasu ana kwance su ne ta hannun da agogo ke tafiya, saɓanin noti na yau da kullum, an yi haka ne don kada juyin moto ya kwance shi. Idan ya ƙi ta gefe ɗaya, a gwada ɗayan kafin a ƙara ƙarfi. A riƙe farfelar da tsumma, ba da filaya ba.

Idan matse ta aka yi a kan sanda, a ɗumama cibiyarta da na'urar busar gashi ko a tsoma ta a ruwan zafi na ɗan lokaci, tunda tsohon moton ba a buƙatarsa. Sannan a zura ƙarafa biyu masu faɗi a ƙarƙashin cibiyar ta ɓangarori biyu masu fuskantar juna, a ɗora su a kan abin da zai tallafe su moton yana rataye, a sa siririn ƙarfe da bai kai sandar kauri ba a kan bakinta, a doka a hankali har moton ya zame ƙasa. Kada a ɓamɓara ta gefe ɗaya, kada a ja ta fukafukai. Farfelar da ta lanƙwashe ko ta tsage ko da kaɗan ce, ba ta sake zama daidai a irin wannan gudu.

Wajen mayarwa a kan sabon moto, a tsayar da moton yadda ƙarshen sandar na baya zai dogara a kan ƙarfe mai tauri. Idan aka dogara gwangwanin kawai aka danna, sandar za ta tura marfin baya ko ta zame cikin amecha. A danna cibiyar a miƙe da ɗan bututu ko soket ɗin kwance noti, har tazarar ta kai abin da aka rubuta. Idan moton yana ɗaure da sukuru a kan faranti, a ɗaura farantin kafin farfela, kuma a yi amfani da sukuran asali. Wanda ya fi tsawo zai shiga ciki ya taɓa naɗin.

Wace waya ke zuwa wace ƙafa?

Yawancin motoci masu kabon suna da jan ɗigo ko alamar tarawa kusa da ƙafa ɗaya, nan jar waya ke zuwa. Amma kada a dogara da wannan kaɗai, domin moton wani kamfani yana iya juyawa ta ɗaya gefen. Kafin a sa farfela, a riƙe moton da kyau, a taɓa masa ƙaramar wuta, ko da ƙwayar batir guda ce, a ga ko juyinsa ya bi kibiyar da aka zana.

Wajen liƙi, a shafa dalma a kan ƙafar da kan wayar daban-daban tukuna, sannan a haɗa su a narka cikin daƙiƙa uku zuwa huɗu, da zafi kusan digiri 350. Jinkiri yana narka robar da ke riƙe kabon daga ciki. Liƙi mai kyau yana kwanciya sumul. Wanda ya dunƙule zai yi zafi ya saki. Idan akwai ƙaramin kafasito a kan tsohon moton, irin mai lamba 104, a mayar da shi, yana rage hayaniyar lantarki. Idan diyod ne, wato abin da ke barin wuta ta bi ta hanya ɗaya kawai, gefen da ke da zobe shi ke zuwa ƙafar jar waya. Aka juya shi, zai haɗa wuta kai tsaye da zarar an kunna. Ga marar kabon mai bod a jiki kuwa, juya ja da baƙa ko sau ɗaya yana ƙona bod ɗin.

Na haɗa komai, yana juyawa, amma tsotsar ba ƙarfi. Ina kuskuren?

A fara zargin juyi. Mutane suna zaton idan moto ya juya baya injin zai riƙa hura iska waje. Irin wannan farfela ba haka take ba: ko ta juya baya tana tsotsa, sai dai da rauni sosai. A musanya wayoyin biyu a gwada. A marar kabon mai waya uku da ba shi da wayoyin firikwensin, wato siraran wayoyin da ke sanar da bod inda juyi ya kai, musanya kowace biyu daga cikin ukun yana juya shi.

Idan juyin daidai ne, a duba robar gaba. In ta karkace ko waya ta shiga ƙarƙashinta, iskar da ta fita za ta zagayo ta koma bakin farfela. Sai tazara: farfelar da aka tura ciki da yawa ta yi nisa da marfinta, iska na zillewa ta gefe. Daga nan a duba robar marfin kwandon shara da zaman matata.

Sabon moton yana karkarwa, ko yana yankewa bayan daƙiƙu kaɗan.

Karkarwa tana zuwa daga farfelar da ta hau a karkace, ko ƙura da ta daskare a gefe ɗaya na fukafukanta, ko robar baya da ba ta zauna ba. Ƙarar gogayya kuwa farfela ce ke taɓa gida. A kashe nan take. Yankewa tana nufin moton na jan amfa fiye da abin da bod ya yarda, ko batirin da ya saba da gajiyayyen moto ya kasa ɗaukar sabo. Ɗan wari da ɗan tartsatsi a mintunan farko ba matsala ba ne, kabon ne ke gogewa ya zauna a kan tagulla. Kada a gwada moto da farfela a waje da gidansa da cikakkiyar wuta.

Wajen rufe gida, a juya kowane sukuru baya kaɗan har a ji ya faɗa tsohon hawansa, sannan a ɗaure. In ba haka ba zai yanka sabon hawa ya cinye robar.

Ba za a iya sauya kabon kawai ko a sa mai ba?

A ƙananan motoci masu gwangwani an lanƙwasa bakin gwangwanin ne a kan marfin baya, ba a yi su don buɗewa ba. Ana iya buɗewa, amma lokacin da kabon ya ƙare yawanci tagullar ma ta zaizaye. Ɗigon man keken ɗinki guda a inda sanda ke shiga bushin, wato zoben da take juyawa a ciki, yana rage kuka na wani lokaci. Kada mai ya taɓa kabon ko tagulla, yana haɗuwa da garin kabon ya zama laka mai haɗa wuta.

Me ke kashe moto tun farko?

Zafi, ƙura da ruwa. Matatar da ta toshe tana hana shi iskar sanyaya. Matatar da ta yage ko aka manta ba a mayar ba tana barin ƙura ta shiga boris. Toka, garin siminti, fulawa da ƙurar filasta suna toshe matata cikin ɗan lokaci, mafi laushinsu kuma ya ratsa. Matatar da aka wanke aka mayar da danshi tana tura laima cikin moto ya yi tsatsa. A bar ta ta bushe aƙalla awa 24. Ba kowace matata ake wankewa ba, ta takarda sauyawa ake yi. Duk wanda zai sa sabon moto ya sa sabuwar matata tare da shi, ya kuma kalli farfelar tsohon: idan ta yi kauri da ƙura, akwai inda ƙura ke ratsawa, a nemo shi kafin a rufe.

Yaushe ne gyaran bai cancanta ba?

Idan garanti bai ƙare ba, kada a buɗe, a mayar wa mai sayarwa. Idan moto da batir sun gaji tare, a haɗa kuɗin biyun da na matata a kwatanta da sabon inji. Idan gidan ya fashe a inda robar moto ke zama, sabon moto ba zai dawo da tsotsa ba.

Injin na tsotsa amma burushin kan shara ba ya juyawa. Moto ɗaya ne?

A'a, kan shara mai burushi yana da nasa ƙaramin moto, wuta na isa gare shi ta wasu ƙananan ƙarafa a bakin bututu. A cire burushin, a yanke gashi da zaren da suka naɗe ƙarshensa biyu, a goge ƙarafan haɗin, a duba bel ko haƙoran da ke juya shi. Wayar da ke bi ta wuyan kan sharar ma tana karyewa daga ciki saboda yawan lanƙwasa. A auna ta da mita ana motsa wuyan. Idan wuta na isa ƙaramin moton, burushin kuma yana juyawa da hannu ba cijewa, sannan ne za a sauya moton.